Tsoron da ake saye da kuɗi: me ya sa yaranmu na Hijaz suka rungumi littattafan sihiri da aljanu?

Wata Juma'a bayan la'asar na je gidan yayata a Jidda, na tarar ran kowa a ɓace. Ta tsinci littafi a ƙarƙashin matashin 'yarta mai shekara 16, sunansa kalma ɗaya ce da Larabci, Khauf, wato tsoro. Ta buɗe tsakiyarsa ta ci karo da zancen aljanu da masu sihiri, ta rufe ta yi a'uziyya. Ina shiga ta miƙo mini shi a naɗe cikin gefen mayafinta, ko taɓa shi da fatar hannu ba ta yarda ta sake yi ba. Ta ce, "Kai da ka yi karatu, duba mini abin da yarinyar nan ta shigo mini da shi gida." Yarinyar na tsaye bakin ƙofa, idonta ya cicciko. "Wallahi Kawu labari ne kawai. Duk 'yan ajinmu sun karanta."

A daidai lokacin wayar yayata na kan kujera, an tsayar da karatun wani littafin Hausa da take saurare a YouTube idan tana girki. Labarin uwargida ce da ta je wurin boka aka binne wa amarya layu a bakin ƙofa. Ban kawo wannan don in kunyata ta ba, tsoron da take ji wa 'yarta tsoron uwa ne kuma ina girmama shi. Na kawo shi ne domin a ranar na gane cewa uwa da 'ya ƙishirwa ɗaya ke damunsu, rijiyar da kowa ke ɗiba ce ta bambanta. Na tafi da littafin na karance shi cikin dare biyu, daga baya na nemi wasu irinsa. Abin da zan faɗa ra'ayin mai karatu ne. Fatawa tana da masu ita.

A fara da sanin girman abin. Marubucin wancan littafi, Usama Almuslim, mutumin Ahsa ne a gabashin Saudiyya, an haife shi a 1977, littafin kuma ya fito a 2015. Daga baya ya fitar da jerin Basatin Arabistan, labarin gaba tsakanin matsafa mata na Larabawa da na Farisa a zamanin da ya gabaci Musulunci. A watan Mayun 2024, a baje kolin littattafai na Rabat a Maroko, cunkoson matasan da suka zo ya sa musu hannu ya kai sai da aka dakatar da zaman. Kafin shi akwai Haujan na Ibrahim Abbas, wanda ya fito a 2013: labarin aljanin da ke zaune a wani gida a nan Jidda, mutane suka tare a gidan, ya kamu da son 'yar gidan. A ƙarshen wannan shekarar 'yan Hai'a, wato hisbar Saudiyya, suka kwashe shi daga wasu kantuna bisa ƙorafin cewa yana koya wa 'yan mata kiran aljanu da allon Ouija, wani allo mai haruffa da ake cewa ana zance da ruhohi ta kansa. Shekara goma bayan haka, a 2023, fim ɗin da aka yi da wannan littafi shi ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a birnin Jidda. Tsakanin 2013 da 2023 an karɓe ikon kame daga hannun Hai'a a 2016, an buɗe gidajen sinima a 2018, an kafa Ma'aikatar Al'adu a wannan shekarar. Littafin da ake ɓoyewa a jakar makaranta ya koma kan kantar Jarir, babban kantin littattafan nan, a gaba-gaba.

Masu sharhin adabin Larabci da yawa sun raina irin wannan rubutu. Sun ce Larabcin ya yi sauƙi, hira ta yi yawa, babi gajeru ne, kowanne yana yankewa a inda rai ya fi tashi. Duk haka ne, kuma ta wannan ƙofar yaranmu suka shiga. Yaron da aka haifa a Hindawiyya ko Shara Mansur a Makka, ko a Karantina da Sabil a Jidda, da Hausa yake gaida kakarsa amma da Larabci ya koyi karatu. Hausar boko takan yi masa nauyi a ido. Ka ba shi littafin da yake gudu kamar hirar waya, babi ɗaya ya ƙare kafin shayi ya huce, ba zai ajiye ba. Na san yara da ba su taɓa karance littafi daga bango zuwa bango ba sai a kan waɗannan.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayaninsu, kuma ba mai wuya ba ne. Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hankali ya tattaru wuri ɗaya. In hatsarin na gaske ne, azaba ce. In kuwa kana kwance a kan katifarka, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na busa sanyi, kana jin motsin mahaifiyarka a kicin, jiki zai sami wannan farkawar ba tare da cutarwar ba, kuma ajiyar zuciyar da ke biyo baya tana da daɗi. Wannan gaskiya ne, amma ya shafi kowane labarin ban tsoro a ko'ina a duniya. Bai bayyana dalilin da ya sa sihiri da aljanu musamman suke kama mu haka ba.

Ni a wurin kakata na sami amsar. Ta zo ƙasar nan tana budurwa, ta rasu ba ta daina yi mana tatsuniya ba. Ba ta taɓa yi da rana ba, ta ce wanda ya yi da rana zai ɓata. Sai an yi isha'i an ci tuwo, ta ce "Ga ta nan ga ta nanku," mu ce "Ta zo mu ji ta." Daga nan Dodo ya fito daga ruwa yana neman yarinyar da aka yi masa alkawarinta, mayya ta bi yaro har cikin gari tana kiran sunansa da waƙa, kan mutum ya yi magana a cikin ƙwarya. Muna ƙanƙame juna, wani ya cusa kai a zanenta. Amma kowace tatsuniya tana da ƙofar fita: "Ƙurunƙus kan kusu." Da ta faɗi wannan, Dodo ya koma ruwansa, mu koma kan tabarma mu yi barci.

Yanzu a kwatanta da ɗaya nau'in labarin da yaron Bahaushe ke tasowa yana ji, wanda ba a buɗe shi da "ga ta nan", ba a kuma rufe shi da ƙurunƙus. Ana raɗe-raɗin an yi wa wance farraƙu da mijinta. An ce wane kurciya aka yi masa, shi ya sa ya bar gida shekara 20 ko waya ba ya yi. An ce yarinyar gidan su wance kambun baka ne ya kama ta, tun da aka yabi gashinta a wurin biki take kwance. An ce kada a zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla, kada a bar yaro a waje da magariba, kada a tsaya ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Da yaro ya matso sai manya su yi shiru, ko a ce "tashi ka ba mu wuri." Yana jin rabin zance, ba farko ba ƙarshe, ba wanda zai tambaya. Wannan tsoron ba ya tafiya, kwanciya yake yi a ƙasan zuciya. Abin da littafin nan ke yi wa yaro shi ne ya ɗauko wannan tsoron da ya riga ya sani, ya ba shi suna da fuska da dalili, ya bi da shi daki-daki har shafin ƙarshe, sannan a rufe bango. Ƙurunƙus ce ake sayarwa da kuɗi. A ganina wannan shi ne babban sirrin abin, sauran duk rassa ne.

A nan ne muka rabu da Turawa, ko da sunan nau'in littafin ɗaya ne. A Turai, tsakanin wajen 1450 zuwa 1750, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 bisa zargin maita, mafi yawansu mata. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692. Zuwa 1735 Birtaniya ta sauya dokarta, wanda ya ce yana da ikon tsafi ya koma ɗan damfara a idon shari'a. Marubucin Bature na yau yana wasa ne da abin da jama'arsa ta daɗe da binnewa, shi ya sa mayyarsa sau da yawa ita ce jaruma, macen da aka zalunta a tarihi ake rama mata a takarda. Mu kuwa ba mu binne komai ba. Haruta da Maruta suna aya ta 102 ta Suratul Baƙara. Kullum muna neman tsari daga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle a Falaƙi. Akwai sura guda mai sunan aljanu. Bukhari da Muslim sun ruwaito sihirin da Labidu ɗan A'asam ya yi wa Annabi (SAW) da mataji da gashi, aka jefa a rijiyar Zarwan a Madina. Yarinyar da ke karanta Khauf, idan ta je Makka tana wucewa ta gaban Masallacin Aljanu kusa da maƙabartar Ma'alla. Ta ji labarin kwarin da ke wajen Madina wanda alhazai ke kira Wadil Jinni, inda ake ganin mota na tafiya da kanta, duk da masana sun bayyana cewa gangara ce take yaudarar ido. Saboda haka idan ta karanta, ba "da a ce" take ji ba, "mai yiwuwa" take ji. Kuma Khauf da bakin "ni" aka rubuta shi, har masu karatu da yawa suke tambayar ko abin ya faru da marubucin da gaske. Wannan kusancin shi ne zaƙin, shi ne kuma abin da ke tayar wa iyaye hankali. Ba za a iya raba su ba.

Akwai kuma maganar ƙarfi. Duba wanda ke zama matsafi a irin waɗannan labarai: marainiya, baiwa, yarinyar da aka kashe iyayenta a gabanta, saurayin da kowa ya raina. Duniya ta toshe masa kowace hanya, sai wata ƙofa ta buɗe ta ƙarƙashin ƙasa. Cikinmu akwai 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, masu laƙabin Hausawi, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya ɗaura kambun kyaftin na ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Amma akwai da yawa da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, har yau suna lissafin ranar da iƙama, wato takardar izinin zama, za ta ƙare. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na sassauta murya a gaban kafili, wato uban gidan da ke ɗauke da takardar zamansa, yarinyar da ta fi kowa maki a aji amma ta san akwai ƙofofin da takardarta ba za ta buɗe ba, idan suka ci karo da wadda aka taka ta miƙe har sarakuna na rawar jiki a gabanta, dole zuciyarsu ta motsa. Matar da ke aikatau a gidan Larabawa, ta gama goge-goge ƙarfe ɗayan dare ta sa abin sauraro a kunne tana jin yadda asirin uwargida ya karye, ita ma abin da take nema ke nan: wurin da azzalumi ke ganin sakayya tun kafin labari ya ƙare.

Ma'aunin da nake auna waɗannan littattafai da shi ɗaya ne: shin sihirin yana da farashi? A nagartattun cikinsu, duk wanda ya karɓi wani abu daga hannun aljani sai ya biya, da barcinsa, da hankalinsa, da wanda ya fi so. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Irin wannan labari, ko marubucin bai yi niyyar wa'azi ba, ya dace da abin da muka sani, cewa sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa kuma mai shi ba ya cin nasara duk inda ya je. Waɗanda ba na so su ne masu mai da tsafi abin ado, kamar sabuwar waya, a kira aljani ya yi aiki ya tafi ba ko ƙwarzane. Ko ta fuskar adabi ma raunana ne, domin labarin da ba a biyan komai a cikinsa ba shi da nauyi.

Amma iyaye irin yayata ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma rashin adalci ne a ce jahilci ne ke damunsu. Akwai gada tsakanin labari da aiki, kuma wasu yara suna haye ta. Ƙagaggen labari daban, littafin ɗalasimai daban. Shamsul Ma'arif, wanda ake jingina wa Ahmad Albuni da ya rasu wajen 1225, ba labari ba ne. Hatimai ne da sunaye da lokutan taurari, an haramta sayar da shi a ƙasar nan, malamai sun yi gargaɗi a kansa, kuma malaman tsibbu na ƙasar Hausa sun daɗe da saninsa. Da can sai ka san wanda ya san wani kafin ka gan shi. Yau yaron da labari ya ɗaga masa sha'awa zai rubuta sunan a waya, kafin minti ɗaya ya faɗa hannun masu kiran kansu shehunan ruhaniyya, masu alkawarin dawo da miji da buɗe arziki, waɗanda aikinsu tatsar kuɗi da karɓar hotunan 'yan mata su yi musu barazana da su. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Wannan gadar ita ce wurin tsaro, ba bangon littafin labari ba. Sai kuma yaro mai raunin zuciya wanda waswasi ke kamawa, ya kasa shiga banɗaki da dare, ya riƙa fassara kowane mafarki. Mafi muni, gidan da aka riga aka saba jingina komai ga sammu, yarinya na fama da farfaɗiya ko ciwon damuwa a yi ta hayaƙi da tofi shekara guda ba a kai ta asibiti ba. Ruƙiyya ta shari'a ba ta hana ganin likita. Littafi bai haifar da wannan halin ba, amma yana iya ƙara masa itace.

Saura abu ɗaya wanda ya fi ci mini rai, kuma wanda mai karatu Balarabe ba lallai ya ji shi ba. Idan ana zancen sihiri a majalisun ƙasar nan, fuskar wa ke zuwa a ran mutane? Duk Batakaren da ya daɗe a Hijaz, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma irinmu, ya san amsar: fuskarmu ce. Wannan suna na masu asiri da aka laƙa mana yana da tsohon tushe. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, malami Bafillace daga Katsina, ya zo aikin hajji, ya zarce Alƙahira, ya yi rubutu a kan lissafin hatimai da ilimin ɗalasimai da taurari, ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Masana lissafi na yau suna ambatonsa saboda hanyoyin da ya bayyana na tsara murabba'in lambobi. Amma abin da ya zauna a bakin talakawa daga Sudan har Hijaz shi ne mutanen Afirka ta Yamma suna da asiri. Wannan zato ba wasa ba ne a ƙasar da sihiri laifi ne da ke iya kaiwa ga takobi. A 2009 Hai'a ta kafa sashe na musamman na yaƙi da sihiri. A 2011 an zartar da hukuncin kisa a kan wani ɗan Sudan a Madina, da wata mata a Jauf, bisa wannan tuhuma. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kawo rahoton 'yan aikatau baƙi da aka jefa wa zargin sihiri bayan sun nemi haƙƙinsu. Layar da kaka ta rataya wa jika a Kano don ƙauna, idan aka gan ta a jakar 'yar aiki a Riyad, tana iya zama sanadin hawayen shekaru. Mu kanmu ba mu tsira daga wannan hali ba: a garuruwanmu na gida, idan yaro ya kwanta yana sambatu, tsohuwar da ba ta da gata ake nunawa a ce ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallake shi.

Shi ya sa nake so yaranmu su karanta da ido biyu. Ɗaya a kan labarin, ɗaya a kan wanda aka ba rigar mugu. Idan a labarin da ke yawo a waya ko a fim kullum boka baƙi ne mai gurɓataccen Larabci, yaron da ke kallo yana shan tsoron kakansa ne bai sani ba.

Kuma muna da namu kayan da ba a taɓa ba. Harshenmu ya rarrabe abin da wasu harsuna suka cure wuri ɗaya: maita da ƙanƙararta daban, sammun da ake saye wurin boka daban, tsibbu daban, bori da girkarsa daban. 'Yan bori suna da birni guda na iskoki, Jangare, mai gidaje da sarauta da zumunta da gaba, akwai Sarkin Aljan da Ɗan Galadima da Inna da Kuturu. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya ga cewa duniyar labari ce ginanniya. Marubutan littattafan yaƙi na Kano sun ɗebi wani abu daga irin wannan taska, amma yaron Hindawiyya ba ya karanta su, kuma ba a kai masa su da Larabci ba.

Bayan mako guda na mayar da littafin. Na gaya wa yayata abin da na gani a ciki ba ƙari ba ragi, har da wuraren da ban so ba. Ta yi shiru, sannan ta kafa sharaɗi: ba karatu bayan isha'i, ba neman komai a waya daga abin da aka ambata a ciki, kuma duk abin da ya tsorata yarinyar ta zo ta faɗa mata. Da daddare ina shirin tafiya na ji yarinyar a kicin tana tambayar uwarta mece ce kurwa, kuma da gaske ne Hajiya babba ta taɓa ganin an tsallake wani a garinsu. Yayata ta rage wutar murhu, ta jawo kujera ta zauna, ta fara ba ta labarin tun daga farko.